Ranar da Na Mayar da Ekta Maraya

Mahaifina mahauci ne, kuma a duk unguwar Abakpa ta Inugu ba a yi wanda ya kai shi iya ba da labarin fim ba. Turancinsa bai wuce na bakin tebur ba, wato buroka ɗin da ake cinikin nama da shi, a yi faɗa da shi, a shirya da shi. Wanda Turawan fim suke yi ta hanci kuwa, ko kalma ɗaya ba ya kamawa. Hakan bai taɓa damunsa ba. Rimot yana hannunsa: in mutanen cikin akwatin suka tsaya surutu sai ya rage musu murya ya ɗora tasa, in aka fara ɓarin wuta sai ya ƙure ta har kwanon rumfa ya riƙa amsawa. Ni ne na raba shi da wannan rimot ɗin, da rana tsaka, a gaban abokansa, kuma a lokacin gani nake gyara na yi.

Rumfar tana bayan gidan hayar da muka tashi a ciki, jingine da katangar wani gareji. Benci huɗu ne a cikinta, da tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da na'urar faifai, da ɗan janareta da ake yi wa rumfar leda saboda ruwan sama. Fawa sana'ar safe ce. Da an idar da Asuba su Baba sun kama hanyar kwata, kafin rana ta take an yanka, an feɗe, an daddatsa, masu gidajen abinci sun kwashi nasu. In aka sallame Azahar sai ka ga suna sulalowa ɗaya bayan ɗaya, sun yi wanka sun sa fararen kaya, amma ƙarnin nan yana maƙale a farce. Daga nan har kiran La'asar lokacin fim ne. Fim ɗin kuma iri ɗaya ne kullum, na duka da harbi, wanda mota za ta faɗo daga saman gada ta ci gaba da gudu, mutum ɗaya ya shiga gidan mutum hamsin ya fito da ɗan ƙwarzane a goshi. Jarumin shi ake kira ekta, mugun kuma bos.

Ma'aunin fim a rumfar nan ɗaya ne, kuma daga kwata aka zo da shi. Fim ko dai tsoka ne ko ƙashi. In ya tayar da dattawa tsaye suna ihu har hular wani ta faɗi, to tsoka ne. In kuwa har wani ya sami sukunin ɓare goro ya rarraba, ko ya tambayi na kusa da shi labarin damina a Arewa, an sayo ƙashi ke nan, gobe sai a mayar wa mai shagon faifai kayansa. Ba ruwansu da wanda ya shirya fim ɗin, ko ƙasar da aka yi shi, ko sunansa ma. Mai jirgin ƙasa, mai ido ɗaya, wanda aka jefa bos cikin injin niƙa, haka suke kiransu, kuma ban taɓa jin an rikice ba.

Labarin da Baba yake ɗorawa ba ya nisa da unguwa. "Kun ga wannan mai sanƙon?" zai ce. "Ya shigo bai yi sallama ba. Ku rubuta ku ajiye, ba zai kai ƙarshen fim ba." Ko kuma: "Matar nan cewa take, Malam ka tsaya ka ci abinci. Shi kuma ya ce a rufe masa, yanzu zai dawo. Ina fa yanzu!" Har makanikin garejin, wani Ibo da ya yi sakandare yake jin Turancin sarai, yakan bar mota a buɗe ya leƙo ta saman katanga. Hausarsa ta kasuwa ce, amma yana bin labarin. Na taɓa jin wani ya ce masa ya faɗi ainihin abin da Turawan suke cewa, sai ya girgiza kai ya ce, "Leave am, na Oga own sweet pass." Wato na Baba ya fi daɗi.

Ni ɗan fari ne. A Arewa wannan ba ya buƙatar bayani, amma ni a Inugu na tashi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In yana da saƙo sai ya ba bango: "A gaya wa masu zuwa makaranta hadari ya haɗo." In na gaishe shi ya amsa yana duban wani wuri. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna laluben aljihunsa, ni kuwa ko ido ba mu cika haɗawa ba. Abokaina 'yan Ibo kuma, a wajensu ɗan fari shi ne sarki. Ubansa zai ɗora shi gaban okada ya zaga unguwa da shi, ya tsayar da wanda bai tambaye shi ba ya ce ga magajina. Ranar da na zo na ɗaya a firamare, iyayen na biyu da na uku suka ɗaga 'ya'yansu sama, ni kuwa aminin Baba ne ya zo, wanda nake kira Kawu, shi ma mahauci, ya dafa kaina da ƙaton hannunsa. An sha gaya mini kunya ce, al'ada ce, ba ƙi ba ne. Na yarda da baki, amma abin ya zauna mini a ƙirji ya girma tare da ni.

Ina yaro, rumfar nan ce kaɗai inda nake iya zama kusa da shi. Yara ba sa hawa benci, a ƙasa muke zubewa, ni kuma nakan zaɓi bayan bencinsa, daidai inda rigarsa ke sauka. Daga nan rabin talabijin kawai nake gani, amma ina jin muryarsa tana fitowa ta gadon bayansa, ina shaƙar ƙamshin sabulun wankansa. In ya miƙe yana ihu sai rigar ta share mini fuska. Bai taɓa waiwayowa ba, bai kuma taɓa cewa a tashe ni ba. Washegari a makaranta ni ke ba abokaina labarin fim ɗin da buroka, da irin muryarsa, har da gyaran zaman da yake yi kafin ya fara.

Da na shiga jami'a sai na faɗa sashen wasan kwaikwayo, a nan aka buɗe mini ido, ko in ce aka kumbura mini kai. Na koyi jigo da zubi da tsari. Na koyi cewa fim na ƙwarai shi ne wanda ba a harbi kowa ba, wanda za ka tashi daga kallonsa ranka a jagule, ka kwana uku kana tunani. Na koyi taɓe baki, kuma a wannan darasin har malamaina na fi. In abokan karatu suka tambayi sana'ar mahaifina sai in ce harkar dabbobi yake yi, in sauya zance. Gwano ba ya jin warin jikinsa: shekara huɗu ina zuwa hutu ina wuce rumfar nan kamar mai wuce bola, in ji ihun dattawa in ce a raina, Allah sarki, rashin sani. Naman da suke yankawa kuwa shi ya kai ni inda na koyo taɓe bakin.

Bayan na gama, ina zaman jiran aiki, sai tausayinsu ya kama ni, na ƙudura zan wayar musu da kai. Na ɗauko wani faifai da nake ji da shi, fim ɗin da ya ci kyaututtuka a ƙasashen waje, na miƙa wa Kawu na ce a gwada wannan yau. Kawu ya juya kwalin, bai ga bindiga ba, bai ga wuta ba, ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Na zauna a bencin baya.

Fim ya buɗe da wani dattijo a bakin taga, ana ruwa. Baba ya rage murya, ko da yake babu abin ragewa.

"Wannan bawan Allah," in ji shi, "tunani yake."

Aka jira. Dattijo ya tashi ya ɗora ruwan shayi, ya dawo bakin taga.

"Har yanzu tunanin yake."

Goro ya fara zagayawa. Wani ya yi hamma irin mai salati a ƙarshe. Kawu ya waiwayo ya ce, "Ɗana, wai yaushe bos zai fito?"

"Babu bos a ciki, Kawu."

"Babu bos? To wa za a kashe?"

"Ba a kashe kowa. Kaɗaici ake nunawa."

"Kaɗaici," in ji Kawu, ya jinjina kai kamar an gaya masa sunan sabuwar cuta.

Baba ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan sai daga baya na yarda. Ya ce dattijon jiran matarsa yake ta dawo daga unguwa. Ya ce ruwan nan ko a Inugu sai haka. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mutum biyu suka ɓingire har da minshari, sai ya danna rimot ya tsayar, ya dubi kwanon rumfa ya ce, "Wanda ya sayo wannan, a gaya masa an cuce shi. Ƙashi aka auna masa, ko ɓargo babu."

Rumfa ta kwashe da dariya. Yanzu na san wasa ya yi mini, irin wanda bai taɓa samun hanyar yi ba, dariyar kuma ta maraba ce. A lokacin ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Shekara ashirin da uku mutumin nan bai ce komai a kaina a gaban jama'a ba, ranar da zai ce kuma sai ya mayar da ni abin dariya. Na zare faifaina na fita, ko sallama ban yi ba.

Washegari na dawo, kuma ba kallo ne ya kawo ni ba. An sa wani na harbi, sabo. Ekta ɗin saurayi ne dogo, yana tsaye a tashar jirgi da jaka a kafaɗa, yana magana a waya. Akwai wani tsohon mahauci mai haƙorin Makka da ya saba jefa wa Baba tambaya in an zo gaɓa, sai ya ce, "To wannan ɗan waye?"

Baba ya rage murya, ya gyara zama.

"Wannan ɗan fari ne," in ji shi. "Babansa mahauci ne a can garinsu. Ya tura shi karatu, ya karance littattafan duniya kaf, ga shi ya dawo. Wayar nan da tsohon yake yi. Tsohon cewa yake, na ji abin da ka yi, ka kyauta, Allah ya yi maka albarka. Amma fa yaron akwai zuciya, ba a taɓa shi."

Ko jaki aka karanta wa wannan ya san da wa ake. Ni da digirina ban sani ba. Abin da kunnena ya ji kawai shi ne kuskure, kuskuren kuma shi nake dako tun safe.

"Baba, ba haka ba ne."

Duk dattawan suka waiwayo.

"Ba shi da uba," na ce. "Tun farkon fim an faɗa, a gidan marayu ya tashi. Wayar nan da shugabansa yake yi, zaginsa ma yake. Duk abin da kuke gaya wa mutanen nan babu ko ɗaya a ciki, ƙirƙira kuke yi."

Kawu ya ce, "Kai, ɗan nan." Da a nan na tsaya ma da sauƙi, amma bakina ya riga ya ɓalle. Na miƙe tsaye na yi musu lacca. Na ce wannan ba fim ba ne, hayaniya ce. Na ce ba jigo, ba zubi, ba tsari, an haɗa shi ne domin mutanen da ba sa son tunani. Na ce mota ba ta tashi sama, bindiga ba ta ƙin ƙarewa da harsashi, wanda aka soka a nan, na nuna gefen wuyana, ba ya tashi ya ci gaba da faɗa.

Mai haƙorin Makka ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, mu za ka koya wa inda ake sa wuƙa?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba bai dube ni ba. Ya ɗaga rimot ya ƙara murya har Turancin ya cika rumfar, sannan ya ajiye shi a kan benci, ya ɗan tura shi gefe da yatsa biyu. "Masu ji su ji," in ji shi. Haka aka kalli sauran fim ɗin, dattawa goma sha wani abu sun zuba wa Turawa ido suna surutu ta hanci. An tarwatsa gada, an kifar da jirgi, ba wanda ya motsa daga mazauninsa. Da aka kira La'asar Baba ne ya fara ɗaukar buta.

A gida Inna ta ajiye mini abinci, ta juya baya tana gyaran risho, ta ce, "An ce yau an yi wa'azi a rumfa." Na cinye abincina tas, don a ganina gaskiya na faɗa, kuma ai an ce gaskiya ɗaci gare ta.

Baba bai daina zuwa rumfa ba, amma bai sake taɓa rimot ba. Ya koma bencin gefe da carbinsa. Mutum biyu suka gwada ɗaukar aikin, abin bai yi armashi ba, suka bari. Makaniki ya daina leƙowa. Daga tagar ɗakina ina jin Turanci zalla yana tashi kullum bayan Azahar, ba ihu, ba salati, har nakan gaya wa kaina ai yanzu suna kallo a natse. Bayan wata uku na sami aikin koyarwa a Fatakwal na tattara na tafi, kuma Kawu ne ya raka ni tasha kamar kullum.

A Fatakwal na ci gaba da sana'ar taɓe baki. Ina rubuta sharhin fina-finai a intanet, ina yanka manyan fina-finan duka kamar yadda Baba ke yanka sa, sai dai shi nasa ana ci. Amma koyarwa ta nuna mini abin da jami'a ba ta nuna mini ba, wato gajiya. Ka tsaya tun safe a gaban aji cike maƙil, ka fito ruwa ya yi maka duka, ka maƙale a Keke Napep cikin cunkoso har ƙafarka ta mutu. In ka iso ɗaki, ba dattijon bakin taga kake nema ba. Na fara sayen irin faifan nan a ɓoye, ina cusa su ƙarƙashin littattafai kamar mai ɓoye kayan maye. Wata Asabar da rana na farga ina tsaye tsakiyar ɗaki, cokali a hannu, ina ihu wai ekta ya waiwaya bos yana bayansa. Na dubi kaina, na koma na zauna a hankali. Ni alli kawai na riƙe na gaji haka. Mutanen da na yi wa lacca a rumfa kuwa, tun sassafe suke kokawa da bijimai, cikin jini da ruwa, a garin da har gobe ake kiransu baƙi. Sun fi ni sanin fim ƙarya ne. Ƙaryar suka zo gani, awa biyu a rana da za su ga mugu ya sha kashi kafin a tashi.

Wannan kunyar ƙarama ce. Babbar a Anacha take jirana. Kawu ya tsufa ya ajiye wuƙa, ya koma wajen 'ya'yansa da ke sayar da albasa a can, ni kuma na je sunan jikansa. Bayan an shafa fatiha an watse, ya ja ni ƙofar sito muka zauna a kan buhunan wofi, ya dube ni ya ce, "Malam mai jigo. Har yanzu ba a kashe kowa ba?"

Na yi dariyar yaƙe na ce ai na tuba, yanzu ni ma ina kallo.

"Ba kallon ne ya dame ni ba," in ji shi. "Kai wai har yau ba ka san abin da ka yi ba?"

Na ce na sani, na yi wa Baba rashin kunya a gaban mutane.

"Wannan ai kowane ɗa yana yi, a yi masa faɗa a wuce. Saurara ka ji. Tun ranar da ka tafi jami'a, ba a sake yin ekta a rumfar nan da ba ɗan fari ba. Baƙi ne, fari ne, ɗan Sin ne, duk ubansu mahauci ne, duk karatu aka tura su. Lokacin da aka aiko kana kwance da taifot, satin nan aka harbi ekta ya faɗi, babanka ya tsayar da fim ya ce a yi wa yaron nan addu'a. Wallahi muka ɗaga hannu muka yi, har da shafawa. Ranar da sakamakonka ya fito, sau uku ya mayar da ƙarshen fim baya, wai ba mu ga irin tsayuwar da yaron ya yi ba. Duk mun sani. Makanikin nan ma da ba yarenmu ɗaya ba ya sani. In ya fara, ba mai ɗaga ido ya dube shi, sai mu zuba wa talabijin ido mu ce Allah ya raya. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, kai da ake yi dominka. Ranar nan kuma ita ce ta farko da ya faɗa kana zaune."

Na rasa inda zan sa fuskata. Albasar ta rufa mini asiri, don ta ba idona dalili. Na ce, "Kawu, me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"A gaya maka me? Abin da mai shi bai faɗa ba?"

Na ce gobe zan wuce Inugu in durƙusa in ba shi haƙuri.

"Kul," in ji Kawu. "In ka ba shi haƙurin wannan, ka nuna masa ka gane ke nan. Ka tuɓe shi sau ɗaya a gaban abokansa, kada ka ƙara tuɓe shi a gabanka. Ta ƙofar da ya biyo ya zo maka, ta nan za ka bi."

Na ɗau wata guda ina shiri. Na zaɓo fim mafi hauka da na samu a Fatakwal, irin wanda da can sai na rubuta shafi uku ina tsine masa, inda babur ke tsallake gidaje, mutum ya faɗo daga bene hawa ashirin ya tashi ya karkaɗe riga. Na kuma shirya abin da zan faɗa. Na san dole a zo gaɓar da za a tambayi asalin ekta, na yanke cewa in Baba ya yi shiru ni zan amsa. Kalma uku ce: ɗan mahauci ne. A cikin mota tun daga Fatakwal har Inugu nake maimaita ta, har matar da ke kusa da ni ta fara yi mini kallon mai taɓin hankali.

Rumfar ta rame. Matasa sun koma kallon fina-finan fassara a waya, kowa da abin kunnensa. Dattawa biyar na tarar, da Baba a bencin gefe, gemunsa ya yi fari fat. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban janareta. Na sa faifan, na rage murya, na ajiye rimot a kan bencinsa, ba kusa sosai ba. Sannan na koma baya na ce da kwanon rumfa, "Waɗannan Turancinsu sauri gare shi, ni kaina ba na ganewa."

Fim ya yi ta tafiya, Turawa suna motsa baki. Minti biyar, minti goma, gumi ya jiƙe mini riga. Sai wani ƙato ya banko ƙofa ya shigo, na ga hannun Baba ya sauka a kan rimot.

"Kun ga wannan mai wuyan bijimin?" in ji shi, muryar ta ɗan dushe. "Ɓarawon shanu ne. Ku dubi tafiyarsa."

Wayyo, daɗin da na ji! Nan take rumfa ta farfaɗo. Makaniki ya leƙo ta saman katanga da sufana a hannu yana cewa, "Oga don come back!" Da babur ya tsallake rufin gida duk muka miƙe, ni na fi kowa ihu, kuma ba na munafunci ba ne. Na ce a raina shi ke nan, an yafe, abin ya wuce.

Sai aka nuno ekta shi kaɗai a bakin kogi, ya ciro wani tsohon hoto daga aljihu yana dubawa. Mai haƙorin Makka ya saci kallona, ya gyara murya, ya ce, "To, wannan fa ɗan waye?"

Baba ya rage murya. Ya daɗe yana duban yaron. Shirun nan nawa ne, domina aka bar shi, kowa a rumfar ya sani. Na buɗe baki. Ga dattawa, ga shi zaune kamu biyu tsakanina da shi, yana ji. Ni da na iya miƙewa in yi lacca a kan abin da ba a tambaye ni ba, kalma uku suka gagare ni. Sai a lokacin na san irin dutsen da yake ɗagawa duk ranar da ya faɗi nasa.

"Wannan," in ji Baba a hankali, "ba shi da kowa. An ce irinsu a gidan marayu suke tashi."

Aka fara harbi, ya ƙure murya. An kalli fim ɗin har ƙarshe, an miƙe tsaye sau huɗu, dattawa suna ta sa mini albarka wai na iya zaɓe. Yaron ya kashe bos, ya koma gida da jini a riga, ya tura ƙofa ya shiga, ba kowa a ciki.